Rakiyar Walƙiya Zuwa Tseren Magarya

A shekarar da aka sake buɗe iyakar Nijar bayan watannin da ta yi a rufe, ana gama ƙaramar salla, na raka Yaya Sale garin Magarya tseren babur. Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A teburin mai shayi a tare ni, a ƙofar masallaci a tare ni, har a ajinmu na yaƙi da jahilci sai a ajiye karatu a ce, "Malam Habu, wai da gaske tsayawa ya yi?" Da malaminmu ya gaji sai ya ce tunda hannuna ya fara faɗawa, in zauna in rubuta, wanda ya iya ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa. To ga shi, yadda na gani da idona.

Yaya Sale ɗan wan babana ne, gida ɗaya muka tashi a nan Wudil. A zamanin samartakarmu, idan rani ya yi ruwan kogi ya ja baya, samari kan yi tseren babur a kan yashi, ƙasa da gada. Ba a taɓa shan gabansa ba, shi ya sa aka sa masa Walƙiya. Har ya sa aka rubuta masa sunan a wani ɗan allon ƙarfe, ya ɗaure shi da noti biyu a bayan babur, ƙarƙashin lamba. Da ya yi aure yara suka fara zuwa sai ya bar tsere ya kama acaɓa, yana jigilar mutane tsakanin Wudil da Lajawa da Achika da Indabo. Ya canja babur ya fi sau biyu, amma allon nan duk babur ɗin da ya saya sai ya mayar masa da shi.

Abin da ya tayar da maganar saƙon murya ne daga Mamman Sani, wani mutumin Magarya da yakan biyo fataken shanu kasuwar Juma'a a da, ya yi tsere da Yaya Sale ya sha kaye. Ya ce samarin garinsu za su yi tsere bayan salla, kuma an ce tsofaffin hannu ma su shigo. Yaya Sale ya kunna saƙon a teburin Malam Tanko mai shayi, kowa ya ji.

Auwalu ne ya fara magana, wani matashin ɗan acaɓa mai bakin tsiya. Ya ce, "Baba Sale, don Allah ka rufa wa kanka asiri. Mu mun tashi muna jin Walƙiya, Walƙiya, amma abin da muka gani da idonmu shi ne ka ɗauko tsohuwa da kajinta daga Indabo, kana tafiya kamar ka ɗauko kwandon ƙwai."

Malam Tanko ya dangwarar da kofi ya ce, "Kai, rufe mana baki! Lokacin da mutumin nan yake kwantar da babur a kwana har gwiwarsa na sharar yashi, kai ko wando ba a fara sa maka ba."

"To ai shi ne, Malam Tanko. Yanzu an sa mini, har ya tsufa an sake wani."

Aka yi dariya, gardama ta kaure. Wasu suka ce yaran yanzu totur kawai suka sani, ba su san ƙasa ba, tsohon hannu ko bacci yake zai wuce su. Wasu suka ce wanda ya bari ya bari, tsere na wanda ba a jiransa da cefane ne. Wani ya ce shi ba ya son tsohon gwani ya dawo, don idan ya faɗi har da labarin da muke ba yaranmu zai faɗi. Auwalu ya nuna bayan babur ɗin da leɓe ya ce, "Ni dai allon nan ne ya tsone mini ido. Ko a nuna mana, ko a cire a ba mai jini a jika."

Yaya Sale bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kun ji dai, ku ne shaida. Idan ban zo cikin ukun farko ba, da hannuna zan kwance shi a nan wurin."

Daga ranar ya daina zama wuri ɗaya. Ya kwance inji ya ɗaura, ya canja fulogi, ya ja sarƙa, ya sake kwancewa. Matarsa, Yaya Hajara, ta kira ni tsakar gida ta ce, "Habu, kai ne mai haƙurin gidan nan, ka bi shi. Ban hana shi ba, don in na hana shi zama zai yi yana kallon bango har damina. Allon nan bai dame ni ba. Ka dawo mini da shi da ƙafafunsa biyu."

Muka tashi bayan sallar asuba, shi a gaba, ni a baya rungume da jaka da ƙaramar jarkar mai. Ko gada ba mu gama haurawa ba wata mata ta ɗaga hannu a bakin titi, sai na ji ƙarar inji ta sauka, babur ya fara ratsewa gefe.

Na ce, "Yaya, ina za ka sa ta? A kaina?"

Ya yi tsaki ya murɗa totur. "Ban ma san na rage ba."

Muka bi ta bayan Kano ba mu shiga cikin gari ba, muka kama hanyar Kunya zuwa Babura. Rana ta fito da zafinta na bazara, kwalta tana ta ƙyalli kamar an zuba mata ruwa. A hanyar nan sai da ya sake yi mini haka har sau biyu, ɗaya wa wani mai buhun gawayi, ɗaya kuma wa wani mutum da ashe ƙuda yake kora. Na yi ta masa tsiya, shi ma yana dariya. Da na san abin da ke gaba da ban yi dariyar ba.

Kafin Babura tayar baya ta yi faci. Muka tura babur zuwa gindin wata bishiyar maina inda wani mai faci yake. Yana cikin aiki ya ga allon, ya tambaya, na ba shi labari. Ya ɗago ya ƙare wa furfurar Yaya Sale kallo ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Baba. Ni ina son ganin tsofaffi a tsere, don su ba sa kashe taya a banza." Yaya Sale bai zauna ba har aka gama, sai zagaye bishiyar yake yana duba rana. Da muka hau, wai zai gwada mini ko injin ya saki, ya buɗe wuta a wani miƙaƙƙen wuri. Iska ta fizge hulata, zannata ta salla, na waiwaya na gan ta tana birgima cikin wata gona. Na yi ihu ya tsaya, ya ce, "Riƙe ni da kyau, Habu, ka ji yadda yake kuka?" Haka na shiga ƙasar mutane da kai ba hula kamar ɗan dambe.

A iyakar Baban Mutum muka daɗe. Ɓangarenmu aka duba takardun babur da katinmu aka sallame mu. Ɓangarensu kuma rubutun allunan duk Faransanci ne. Ni da nake ta murna ina haɗa baƙaƙen sunayen garuruwa tun daga Kunya, a nan na haɗa na haɗa, abin ya ƙi zama magana. Wani jandarma dogo ya zagaya babur ya ce, "Wannan moton na kabu-kabu ne?" Sai da ya maimaita na gane babur suke ce wa moto, kabu-kabu kuma acaɓa. Da ya ji tsere muka zo sai ya kira abokin aikinsa, suka tsaya suna kallon Yaya Sale. Dogon ya ce, "Tsoho, ka san Laminu na Magarya? Yaron nan ba ya taɓa birki, an ce ma cire shi yake yi." Abokin ya ce shi yana bayan tsoho, don babansa ma da furfurarsa yake kayar da samari a kokawa. Suka yi ta musu a kanmu, takardarmu tana hannunsu, Yaya Sale yana ta kaɗa makulli a yatsa. Daga ƙarshe suka buga hatimi suka ce za su tambayi labari in mun dawo.

Mun isa Magarya rana ta karkata. Mamman Sani ya tare mu a tasha yana ɗingishi, ƙafarsa ta dama ta karye a tsere tun shekarun baya, yanzu kayan gyaran babur yake sayarwa. Suka rungume juna da Yaya Sale, aka yi ta gaisuwa, ina gida ina yara ina gajiya, kowa yana duban yadda ɗan'uwansa ya tsufa. A zaurensa ya sauke mu. Ɗakin kamar tanda, don haka tabarmi aka shimfiɗa mana a ƙofar gida kan rairayi, nan muka yi zamanmu, nan muka kwana.

Abincinsu bai yi nisa da namu ba, amma akwai bambanci. An kawo mana kwaɗon zogale da ƙuli, su kopto suke ce masa, da fura mai kauri wadda gero ya fi nono yawa. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa har yana yankar dasashi. Shayinsu kuma ba irin na Malam Tanko ba ne mai madara a babban kofi. A 'yar buta ake dafa shi kan gawayi, a zuba a ɗan kofin gilashi, kuma hawa uku ne. Na shanye na farko mai ɗaci na yi godiya na miƙe, sai Mamman Sani ya jawo rigata ya ce, "Zauna, Bakano, ba a tashi a na farko. Ku komai sauri." Na zauna. Yaya Sale kuwa ko na farkon bai gama ba ya tashi ya koma wurin babur.

Kafin magariba ƙofar gidan ta cika da masu son tsere, an ji tsohon gwanin Wudil ya zo. Gardamar da muka baro a gida ita muka tarar, sai dai da wani harshe. Wani mai sayar da mai a kwalba ya ce tsohon da ya dawo tsere wurin yara yake tarewa, ya ci zamaninsa yana son cin na wasu. Wani tela ya ce shi saboda tsofaffin ma zai rufe shago, don yaran yanzu duk tafiyarsu iri ɗaya ce, kowa ya kwanta kan tanki ya rufe ido. Wani dattijo ya ce, "Ni in na ga sa'ana a kan moto sai in ji ciwon bayana ya tafi." Mamman Sani ya saurare su duka, sannan ya ce, "Ba ƙarfi ne ke tafiya ba, Sale. Ni kafin in karye na riga na daina, tun ranar da na shiga kwana na tuna da 'yata."

Yaya Sale ya ce, "Ni in na hau ba na tuna kowa."

Washegari da hantsi aka kai mu muka ga fili. A Wudil miƙewa ake yi a bakin kogi a kai ƙarshe a juyo. Su kuwa zagaye suke yi a bayan gari, cikin gonakin da ba a shuka ba, an kafa tsofaffin tayoyi a kwanoni, ana zagayawa sau da yawa. A wuri ɗaya hanyar tseren ta gitta wata hanyar amalanke da ke fitowa daga ƙauyuka. Samarinsu sun tuɓe baburansu tas, ba madubi, ba fitila, ba mazaunin kaya. Mamman Sani ya ce Yaya Sale ma ya cire. Ya yarda ya cire mazaunin kaya, amma ya ce shi bai iya tafiya ba madubi ba, allon kuwa ba a ma yi zancensa ba. Ya sauka ya tattaka ƙasar da ƙafa, ya nuna mini inda take da tauri a tsakiya da inda rairayi yake da laushi a gefe. Ya ce, "Ka ga nan? Duk wanda ya rage gudu a gefen nan ya nutse."

Bayan la'asar aka jeru. Mutane sun cika fili, wasu a kan amalanke, wasu a kan bishiya. Ni na tsaya a kwanar da ke kusa da hanyar amalanken, don Mamman Sani ya ce nan ake gane gwani. Kaina rana tana dukansa ba hula. Aka saki tuta, ƙara ta tashi kamar ƙasa za ta tsage.

A zagayen farko Yaya Sale yana tsakiya, Laminu yana gaba da jar riga, siriri kamar kara. Mai sayar da mai, wanda ya tsaya kusa da ni, ya ce, "Ka gani? Ya zo yawon shan iska." A zagaye na biyu ya wuce mutum biyu. Da ya sake zuwa kwanarmu sai na ga abin da rabona da gani tun ina saurayi. Bai rage ba, ya kwantar da babur har gwiwarsa ta ja layi a ƙasa, ya fito ta cikin mutum uku kamar an zare shi. Fili ya ɗauka, "Tsoho! Tsoho!" Tela ya jefa hularsa sama. Mai sayar da man da kansa na ji yana ihu. Ni kuwa hawaye ne ya zubo mini, ban san lokacin ba.

Ana cikin haka wani dattijo ya iso ta hanyar amalanke, da ƙullin buhu a kai da zabuwa ɗaure a hannu. Ya tambaye mu inda zai sami kabu-kabu zuwa cikin gari. Muka ce ya dakata, tsere ake yi. Ashe kunnensa da nauyi. Ya gyaɗa kai, ya matsa gaba can inda ba mutane, ya sauke buhunsa a bakin hanya. Ba wanda ya sake bi ta kansa, don an shiga zagayen ƙarshe, kuma Yaya Sale ne na biyu, tayarsa ta gaba tana shinshinar tayar Laminu.

Suka fito daga kwana tare. Dattijon nan ya ga babura, ya ɗaga hannu. Laminu ya wuce. Ni kuwa sai na ji ƙarar da na sani, wadda na ji a kan gadar Wudil da hanyar Babura. Injin ya sauke murya, babur ya ratse gefe wajen dattijon. Abin bai fi ƙiftawar ido ba. Na ga kansa ya zabura, ya gane, ya murɗa totur da ƙarfi, amma ya riga ya shiga rairayin da shi da kansa ya nuna mini da safe. Tayar gaba ta nutse, babur ya juya ya kwanta da shi. Na baya suka yi ta wucewa, ɗaya, biyu, uku, na daina ƙirgawa.

Na ruga. Kafin in isa ya miƙe, gwiwa tana jini, takalmi ƙafa ɗaya ya yi nasa wuri. Dattijon ya leƙo ya ce, "Sannu, yaro. Gari za ka?"

Yaya Sale ya dube shi, ya dubi hannunsa na dama. Ya ce, "Jira ni, Baba." Ya tayar da babur ya ƙarasa tseren cikin na baya-baya. Sannan ya zagayo, ya ɗora buhun a kan tanki, dattijo ya hau da zabuwarsa, suka nufi gari a hankali. Ni da ƙafa na koma.

A ƙofar gidan Mamman Sani gardama ta koma sabuwa. Mai sayar da mai ya ce ai ya faɗa, wanda ya bari ya bari. Tela ya ce shi kwanar nan kaɗai ta ishe shi shekara. Laminu ya zo da kansa ya durƙusa ya gaida Yaya Sale, ya ce yana jin injinsa a bayan kunne har gabansa ya faɗi. Aka tambaye shi zancen dattijon, ya ce, "Wane dattijo?" Shi bai ga kowa ba. Mamman Sani yana wanke wa Yaya Sale gwiwa da ruwan gishiri ya ce, "Hannunka bai tsufa ba, Sale. Wani aikin ya koya." A ranar Yaya Sale ya zauna ya sha shayi har hawa na uku.

Da muka juyo, jandarmomin nan suka tambaya, na ba su labari a taƙaice, kowannensu ya ce shi ne ya yi gaskiya. A wajen Babura na sa ido ko zan hango hulata, ban gan ta ba. Yaya Sale bai yi gudu ba har muka hango gada.

Bai wuce gida ba, teburin Malam Tanko ya nufa. Hoton tseren ya riga mu isowa a waya, kowa ya gani. Aka yi mana sannu da zuwa. Yaya Sale ya ce, "Auwalu, ba ni sifana."

Auwalu ya sosa ƙeya. "Haba Baba Sale, wasa fa nake. Wallahi mun ga kwanar nan, na maimaita ta ya fi a ƙirga. Ka bar shi."

"Na ce cikin ukun farko. Na zo?"

"Ai da ba don tsohon nan ba..."

"Tsohon bai kama mini hannu ba. Ba ni sifana."

Ya tsuguna da gwiwarsa mai ciwo ya kwance notin, da ƙyar, don sun yi tsatsa. Ya goge allon da gefen rigarsa ya sa a aljihu, ban sake ganinsa ba. Yana miƙewa wata mata ta ɗaga hannu daga tsallaken titi, za ta Achika. Ya ce in gaya wa Yaya Hajara yana nan tafe, ya tayar da babur.

Ƙafafu biyu kam na dawo wa Yaya Hajara da su. Abin da muka rasa a tafiyar shi ne hulata ta salla, da madubin hagu, da takalmin Yaya Sale ƙafa ɗaya, da fatar gwiwarsa, da allo ɗaya mai noti biyu. Yanzu a tasha Baba Sale ake kiransa, yana kuma amsawa.